Kalangu a Cikin Lefe

Ranar da aka kai lefena, mata bakwai ne suka fita daga gidanmu da ke Dogarawa, suka loda akwatuna a motar haya, suka bi ta Kwangila suka nufi Samaru. Ango ba ya zuwa kai lefe, saboda haka sai bayan la'asar na ji yadda aka ƙare, daga bakin gwaggona wadda Allah bai ba ta baiwar rage zance ba. Ta ce an shimfiɗa tabarmi, an buɗe akwatin farko, ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana rangaɗa guɗa. Aka ɗaga atamfar Holan, aka yi guɗa. Aka ɗaga leshi, aka yi guɗa. Da aka zo kan wani zane mai launin baba da ratsin fari, sai ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa daga dangin amarya ta murza shi tsakanin yatsunta, ta bi bakinsa da kallo tana neman hatimin kamfani, ba ta gani ba. Ta ce, "Wannan kuma na ina ne?" Aka ce mata ai ƙanwar ango ce ta yi shi da hannunta a makaranta. Sai ta ce, "Allah sarki, rinin gida ne." Ta ninke shi ta ajiye a gefe, ba a sa shi cikin ƙidaya ba.

A kan wannan zane da aka ajiye a gefe nake so in yi magana, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu cewa da ɓacin rai na ɗauki alƙalami ba. Dattijuwar nan ba ita nake ƙullata ba. Abin da ta tarar ana yi shi ta yi. Waɗanda nake da ja da su su ne mu maza masu takardun shaida, masu zaman majalisa bayan isha'i, waɗanda kullum muke kukan masaƙunmu sun mutu, amma ranar da yarinya ta kawo mana abin da ta ƙirƙira da basirarta sai muka bushe da dariya.

Bari in fara bayyana abin da zanen yake, don kada a zaci son kai ne ke magana.

Ƙanwata ta karanta zane-zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a ɓangaren tufafi. Shekara huɗu tana tashi da sassafe, ta tsaya a bakin titin Kano ta jira abin hawa, ta sauka a Kwangila ta sake wani, ta wuce Hanwa da Palladan kafin ta isa aji. Da shekarar ƙarshe ta zo, lokacin da kowane ɗalibi zai fito da aikin kammala karatu, sai ta zaɓi abin da babu wanda ya yi tsammani a gidanmu. Ta je ɗakin kakarmu da wayar hannu, ta lallashe ta har ta rera mata wata tsohuwar waƙar gaɗa, irin wadda 'yan mata ke yi a dandali da farin wata, suna tafi suna habaici ga samarin da suka kawo toshi da waɗanda suka zo hannu rabbana. Ta naɗi waƙar. Ta nemi wani makaɗin kalangu a Sabon Gari ta kunna masa, ya bi ta da kiɗa, ta naɗi wannan ma. Daga nan ta zauna da takarda mai layi-layi tana warware waƙar gaɓa-gaɓa.

Duk wanda ya yi darasin Hausa ya san harshenmu na da karin sauti uku: na sama, da na ƙasa, da faɗau. Da su ne kunne ke rarrabe baba mahaifi da baba na marina, alhali a rubuce kalmar ɗaya ce. Da su ne kuma kalangu ke magana, domin in makaɗi ya matse tsirkiya a hammatarsa murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, har wanda ake wa kirari ya ji sunansa daga nesa ba tare da an buɗe baki ba. Abin da yarinyar nan ta yi shi ne ta ɗauke wannan magana daga kunne ta mai da ita ta ido. Gaɓa mai nauyi ta ba ta ratsi mai faɗi, marar nauyi ta ba ta siriri. Inda sauti ya hau, ta ɗaure wurin tamau da zare don kada baba ya shiga, ya fito fari. Inda ya sauka, ta bar shi ya sha rini har ya yi duhu. Faɗau ne ya fi ba ta wuya, domin sai da ta koyi tsoma yadi kaɗan-kaɗan, ta yadda launin zai taso daga fari ya gangara zuwa shuɗi ba tare da an ga inda ya karye ba. Don wannan kaɗai sau uku tana zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, tana tsugune a bakin rijiyar rini tana kallon yadda yadi ke fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa ya ƙara duhu. Amshin waƙar shi ne ke maimaituwa a jikin zanen daga kamu zuwa kamu, baitocin kuwa kowanne da kamanninsa. Yadi shida cur, turmi guda. Wanda bai san labarin ba zai ga zane mai kyau ne kawai. Kakarmu kuwa, da aka shimfiɗa mata shi aka nuna mata yadda ake bi, sai ta ɗora yatsa a kan ratsin tana bi tana gyaɗa kai, leɓɓanta na motsi.

Rubutaccen ɓangaren aikin kuma a kan toshi ta yi shi. Ta zagaya gidajen tsofaffi a Dogarawa da Hayin Dogo tana tambayar abin da samari ke kawowa a zamaninsu, da abin da budurwa ke mayarwa. Suka lissafa mata goro da turare da sabulu da ɗankwali da zobe. Suka gaya mata yadda yarinya ke ɓoyewa a ɗakin uwarta wata da watanni tana ɗinka wa saurayi hula, ko ta yi wa hankici ado da zare ta fesa masa turare ta ba ƙaninta ya kai. Waɗanda suka yi 'yan matanci daga baya suka ba ta labarin kaset ɗin waƙa da ake aikowa a naɗe cikin takarda. Na yanzu kuwa, ba sai an tambaye su ba, katin waya ne.

Ni ne na roƙe ta, bayan an gama duba aikin a makaranta, ta bar mini zanen in sa a lefe. Ta ce, "Yaya, ka tabbata? Mutane fa ba za su gane ba." Na ce mata za su gane. Ashe ita ce ta fi ni sanin mutane.

Tun kafin ranar lefe an riga an yi wa zanen shari'a a majalisar ƙofar gidanmu, kuma alƙalin Kawuna ne, yayan mahaifiyarmu. Dole in yi masa adalci, domin ba jahili ba ne, ba kuma mai ƙin ilimin mata ba ne. Da kuɗinsa aka biya wa yarinyar nan rajistar shekarar farko. Ya yi fiye da shekara ashirin yana tsaye a gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, har ranar da aka rufe ƙofa ya dawo Dogarawa da akwatin ƙarfe ɗaya da kunne mai nauyin ji saboda ƙarar inji. In irin wannan mutum ya yi magana a kan tufafi, wajibi ne yaro ya saurara. Ya ce, "Ƙasar da masaƙunta suka zama kangaye, ɗalibanta kamata ya yi su zauna su gano yadda za a saƙa yadin makaranta da bandejin asibiti da buhun hatsi cikin araha. Shekara huɗu a jami'a, a ƙare da waƙar 'yan mata da toshin samari? Wannan ai wasa ne." Wani a gefe ya ƙara da cewa rashin kunya ne ma budurwa ta tsaya gaban malamai tana bayanin soyayya. Na uku ya ce kiɗa dai an san hukuncinsa. A wannan dare ban ce uffan ba, don ba a tarbiyyantar da mu da mayar wa manya magana a gaban jama'a ba. Amma takarda ba ta da majalisa, saboda haka a nan zan ba da amsa.

Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya, ranar da kake wannan magana babbar riga ce a jikinka, ta ɗinkin hannu, wadda ka sayo a birnin Zariya. A gefen aljihunta akwai aska takwas. A ƙirjinta da bayanta akwai wani zagayayyen ado mai nannaɗewa kamar dodon koɗi. Ka tambayi kowane maɗinki a cikin ganuwa sunan wannan ado, zai ce maka tambari. Tambari kuwa ganga ce, ta sarakuna. Ke nan tun kafin a haifi kakan kakanmu maɗinkan ƙasar nan suka ɗauki abin kiɗa suka ɗora a ƙirjin malamai da alƙalai da hakimai, ana shiga masallacin Juma'a da shi, ba a taɓa jin wanda ya ce wasa ne ba. Yarinyar nan ba baƙon abu ta kawo ba. Bambancin kawai, su gangar fada suka ɗinka wa maza, ita kuma gangar dandali ta rina wa mata. In akwai abin da ya sa na farko ya zama gado na biyu ya zama abin dariya, ina so a faɗa mini shi a fili, domin ni abin da nake gani shi ne mun saba girmama duk abin da ya fito daga fada, mun kuma saba raina duk abin da ya fito daga tsakar gida.

Jami'ar da ta yi karatun ma ba ta taɓa ɗaukar kalangu abin wasa ba. A 1988 ta yafa wa Alhaji Mamman Shata rigar digirin girmamawa, kuma Shata da kalangu ya yi suna, ba da injin saƙa ba. Kafin nan, a 1958, tun wurin yana kwalejin fasaha bai zama jami'a ba, wasu ɗaliban zane suka kafa ƙungiya a Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na Ingila. Ɗaliban suka ce za su koyi dabarar Bature, amma abin da za su zana daga gidajen iyayensu zai fito. Okeke ya koma ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wato aikin mata na tsakar gida, irin wanda majalisarmu ke wa dariya. A lokacin 'yan tawaye aka kira su. Yau ba a rubuta tarihin zanen zamani na Nijeriya ba tare da an fara da sunayensu ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ƙasarmu aka yi wannan yunƙuri, 'ya'yan wasu suka zo Zazzau suka gano darajar adon iyayensu mata suka tafi da ita, mu masu masauki har yanzu muna tambaya ko waƙar kakarmu ta isa a shigar da ita aji.

Batun kunya kuwa, wanda ya kawo shi ya riƙe sandar ta wajen da bai kamata ba. Me ya sa aka ƙirƙiro toshi tun farko? Saboda kunya. Mu mutane ne da matar kirki ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran ɗan farinta da sunansa, saurayi ya zo zance ya yi rabin sa'a yana tambayar lafiyar mutanen gida bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Al'ummar da ta ɗaure baki haka dole ta buɗe wata ƙofa, sai ta bar hannu ya yi magana. Hular da budurwa ta ɗinka wasiƙa ce, kowane tsinin allura kalma ne, kuma babu dattijon da ya taɓa kiran ta marar kunya. Zanen ƙanwata ya ma fi hular rufin asiri, domin waƙa ce sukutum a jikin mace, tana tafe da ita a tsakiyar kasuwa, babu mai ji sai ita da wanda ya ba ta. In ana neman rashin kunya, a leƙa wayoyin 'ya'yanmu a ga abin da ya maye gurbin hankici, sa'an nan a dawo a gaya mini wanne ya fi kusa da tarbiyyar Bahaushe. Mutanen gaɓar gabashin Afirka, a Zanzibar da Mombasa, sun daɗe da gane wannan: zanensu da ake kira kanga kowanne da 'yar magana a rubuce a bakinsa da Suwahili, miji ya saya wa mata, 'ya ta saya wa uwa, a faɗi abin da baki ke jin nauyi. Musulmi ne kamarmu, masu kunya kamarmu.

Maganar hukuncin kiɗa ba fagena ba ce, na bar wa malamai, kuma na san sun yi saɓani a kanta tun kafin a san za a yi Dogarawa. Abin da zan ce kawai, yadi ba ya ƙara. Kyauta tsakanin masu niyyar aure kuwa, ban taɓa jin malamin da ya hana ba.

Saura babbar hujja, ta Kawu, wadda ita ce ta hana ni barci: cewa ƙasar da ke fama da talauci ba ta da lokacin ado, a fara da buhu da bandeji. Wannan magana tana da kama da hikima, shi ya sa ta fi sauran haɗari.

Mu tuna abin da muka rasa, don a san ban raina kukan Kawu ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi: saƙar ƙasar nan da rininta ana ɗaukar su a raƙumi har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso, Sabon Garinmu ya tashi a gefen tasha, Turawa suka kafa injin gurzar auduga a Zariya, audugar Zazzau da Katsina ta riƙa tafiya Ingila. A Samaru aka kafa tashar binciken noma tun 1922, kuma har gobe irin audugar da ake kira Samcot daga can yake fitowa. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, a 1964 aka kafa UNTL, wasu suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata masu shiga aiki dare da rana. Sai abubuwa suka juya. Wuta ta zama sai an gani, baƙin man da ake tuƙa injuna da shi ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri ya riƙa kwararowa ta kan iyaka, daga baya na Sin ya cika Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu zanen ɗaliba da zai kawo wutar lantarki ko ya tsare iyaka. Wanda ya ce aikin ƙanwata zai tada Kakuri ya yi ƙarya, ni ma ban faɗa ba.

Amma ina so Kawu ya amsa mini tambaya ɗaya. A duk ƙasar Hausa, wace rana ce talaka ke sayen yadi mafi yawa a rayuwarsa? Ba ranar da ɗansa zai shiga firamare ba ce, ba kuma ranar da aka kwantar da shi a asibiti ba. Ranar haɗa lefe ce. Lefen da asalinsa ɗan kwando ne na kaba, yau ya zama jerin akwatuna, har wasu garuruwa suna ta yunƙurin rage shi ko hana shi saboda ya hana samari aure. Mutum zai sayar da gona, ya ci bashi, ya shiga adashi, don ya cika akwati da atamfa da leshi da shadda. Ana son haka ko ba a so, kasuwar tufafi mafi girma a ƙasar nan a kan soyayya da aure take tsaye. Ke nan ɗalibar da ta zauna ta nazarci abin da saurayi ke son faɗa wa budurwa da yadi, ita ce ta dubi inda kuɗin yake. Masu maganar buhu su ne suka juya wa kasuwa baya.

Kuma ina kuɗin nan ke tafiya? Na san amsar, domin ni na haɗa nawa, na yi yawo a kasuwar Sabon Gari har takalmina ya san kowane lungu. Shadda mai daraja daga Ostiriya take. Atamfar da aka yi wa guɗa a gidan surukaina daga wani gari take mai suna Helmond a ƙasar Holan, daga kamfanin Vlisco da aka kafa tun 1846, wanda ya fara da kwaikwayon rinin kaki na mutanen Jawa a Indunusiya. Holan ba ta noma auduga ko kaɗa ɗaya. To, me suke sayar mana da tsada haka? Ba zare ba ne, zaren duniya duk ɗaya ne. Zane suke sayarwa, wato tunanin wani mutum da ya zauna a ɗaki da fensir da launi yana ƙoƙarin gano abin da zai faranta ran macen da bai taɓa gani ba. Sa'an nan in yadin ya iso, matan kasuwar Lome da Abijan su raɗa masa suna, wannan su ce idon kishiya, wancan su ce mijina mai iyawa ne, sunan ya bi shi ya ƙara masa kuɗi. A kasuwanninmu ma an saba laƙaba wa yadi sunan waƙa ko fim ɗin da ke tashe don ya shiga. Duba fa: 'yan kasuwa sun san waƙa da soyayya ke sayar da tufa, Bature a Helmond ya sani, ɗan Sin mai kwaikwayon Baturen ya sani. Majalisar ƙofar gidanmu ce kaɗai ba ta sani ba. Ko da gobe za a kunna kowane inji a Kakuri, in babu mai zana abin da za a buga a kan yadin, zanen wasu za mu ci gaba da kwafa, kuma mai kwafa kullum a baya yake, farashinsa ma a ƙasa.

Akwai inda masu suka suka fi ni gaskiya, ba zan tsallake shi ba. Zanen ya yi tsada. In aka lissafa farin yadi da baba da kuɗin motar Kano da watannin da ta ɓata tana ɗauri da kwancewa, babu saurayin Dogarawa da zai iya saye, ni ma don ƙanwata ce na samu. Rinin baba kuma yana zuba a wankin farko in ba a iya da shi ba, matan yanzu kuwa ba su da haƙurin kakanninsu. Amma aikin ɗalibi samfuri ne, kamar yadda maɗinki ke fara zana aska a takarda kafin ya taɓa shadda. Tsarin da ta gano, na mai da karin sauti ratsi, ba ya buƙatar rijiyar rini. Ana iya buga shi da inji a kan dubban yadi, kowace waƙa ta ba da nata zane, har saurayi ya je shago ya ce a buga masa wadda suka saba ji shi da budurwarsa. Wanda zai ɗauki samfurin ya kai shi ga inji shi ne babu. Wannan kuwa ba laifin yarinya ba ne. Laifin masu kuɗinmu ne da suka gwammace su hau jirgi su je Guwanzu su cika kwantena, da su tako Samaru lokacin da ɗalibai ke baje ayyukansu su ga abin da 'ya'yansu ke iya yi. Daga Sabon Gari zuwa can ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba.

Wani abu kuma da ban faɗa ba, wanda ya fi duk lissafin kasuwa nauyi a zuciyata: kakarmu ta rasu watanni kaɗan bayan an naɗi muryarta. Dandalin da ta yi gaɗa a cikinsa yanzu shaguna ne da wurin ajiye manyan motoci. 'Yan matan unguwarmu ba su san waƙar ba, ba kuma za su sani ba. Wayar da aka naɗa a ciki ta faɗa ruwa, abin da ya tsira sai kwafin da ke kwamfutar ƙanwata, da yadi shida na shuɗi da fari. Lokacin da dattijuwar nan ta ninke zanen ta ce rinin gida ne, ba ta san muryar sa'arta ta ajiye a gefe ba, wataƙila ma waƙar da ita kanta ta taɓa tafa wa hannu.

Matata ta ɗinka shi bayan biki da wata biyu, riga da zane da ɗankwali. Ranar da ta fara sa shi, muka shiga kasuwar Sabon Gari sayen labule. Mata uku suka tsayar da ita suna tambayar inda ta saya. A wani shagon atamfa, mai shagon, wanda a baya na nuna masa hoton zanen ya ce mini ba zai yi kasuwa ba, ya fito daga bayan kanta yana ta yaba shi, ya ce, "Hajiya, don Allah ɗan tsaya." Kafin mu ankara ya ɗaga waya ya ɗauki hoton gefen zanen sau biyu, ya matso ya ɗauki na uku daf da ratsin.

Da na koma gida na gaya wa ƙanwata, ina zaton za ta yi murna. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yaya, ka san inda hoton nan zai tafi?" Na ce na sani. Ta ce, "In ya dawo, da hatimi zai dawo a bakinsa. Ran nan za a yi masa guɗa." Kawu na zaune a kan tabarmarsa a zaure, ya sa aka maimaita masa maganar da ƙarfi saboda kunnensa. Bai ce komai ba, sai ya aika a ɗauko masa takardar nan mai layi-layi da ta warware waƙar a kai, ya sa tabarau, ya tambaye ta ratsi nawa ne a kamu ɗaya kafin amshi ya dawo.